Ko Sanusi Ya Yi Gaisuwa, Ka Bar Shi a Gadonsa

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga ɗana Isufu, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kun sauka lafiya, kai da ƙanenka Sanusi. Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku inda kuka sauka, ya dawo mini da ku biyu kuna tafiya da ƙafafunku.

Za ka yi mamakin tsintar takarda a ƙarƙashin busasshen kifin da na ƙulle maka, alhali jiya muna tsakar gida ɗaya, ga kuma salula a aljihunka. Ban yarda da salula ba. Duk sanda na ɗauka zan yi kira sai in ga wani ya matso yana gyara tabarma kusa da ni, kuma maganar waya iska ce, kana ajiyewa ta wuce. Jiya kuwa gidan cike yake da masu jaje, kowa da maganin da ya sani da malamin da ya taɓa warkar da ɗan maƙwabcinsa. Shi ya sa na tono rubutun da na koya a makarantar manya. Hannuna a karkace yake, ka yi haƙuri da shi, ka karanta a tsanake bayan an ba Sanusi gado.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Sanusi ya zauna a asibitin nan na birni, a ɓangaren masu taɓin hankali, har likitan da ya karɓe shi ya ce da bakinsa ya sallame shi. Kai ka ga yadda masunta suka ciro shi daga tafki aka kawo mini shi, rigarsa na ɗigar ruwa, yana cewa kiransa ake yi daga tsakiya. Da ba su kusa suna jan taru, da yau zaman makoki muke. Tafkin nan bai tashi daga inda yake ba, yana nan bayan gidanmu yana jira. Na kuma san halinka. Kai ne aka raba da agogonka a tashar Jibiya da daɗin baki kawai, ka dawo kana cewa mutumin kamar mai gaskiya ne. Zuciyarka fara ce, ina alfahari da ita, amma a wannan tafiya ita nake jin tsoro.

Ka san babanku ya yi irin wannan ciwo, ka san kuma yadda ya ƙare. Abin da ba ka riƙe ba shi ne hanyar da aka bi, don lokacin kana ɗan ƙarami, Sanusi kuma yana goye a bayana.

Da ciwon ya fara kama shi, abin da na fara yi shi ne ɓoyewa. Ya daina barci, ya ce maƙwabcin gonarmu ya binne masa wani abu a kan iyaka, ya daina cin tuwon kowa sai na ɗanɗana a gabansa. Duk wanda ya tambaya sai in ce zazzaɓi ne. Na yi ta cewa zazzaɓi har ranar da ya fito ƙofar gida yana zagin liman, yara suka taru suna yi masa waƙa. Daga nan 'yan'uwansa suka ɗaure shi a turken jaki, ni kuma na ce to, don ban san abin da ya fi ba. Igiya ta ci masa wuyan hannu har ƙuda na bi. Wani mai magani ya zo ya turara shi da hayaƙi har idonsa ya kumbura, ya tafi da baƙar akuyata. Wani ya ce aljanar ruwa ce ta aure shi. Mai tallar ƙwayoyi a kan keke ya ba ni wasu jajaye da ya ce daga ƙetaren iyaka suke, su ne na masu hauka, babanku ya sha ya yi ta amai. Kowannensu ya ci nasa ya goge baki, babu wanda ya dawo washegari ya duba abin da maganinsa ya yi. Saboda haka duk wanda ya tambaye ka ina Sanusi, ka ce yana asibiti, ciwon ƙwaƙwalwa ake yi masa magani. Kada ka ce zazzaɓi. Wanda zai yi gulma zai yi ko ka ɓoye, ɓoyewar kuma lokaci take cinye wa mara lafiya.

Ranar da muka kai babanku asibiti ban shiga da yarda ba. An ce mini allura suke yi wa mutum ya koma kamar gunki, an ce wanda ya shiga ba ya fita. Na tsaya ina harare-harare, na riƙe zanena da kyau kamar mai shiga kasuwar ɓarayi. Shugabar ma'aikatan jinya, wadda suke kira majo, wata gajeruwar mace ce mai kaushin murya. Ta dubi hannunsa, ta dube ni, ta ce, “Wa ya ɗaure shi hakanga?”

Na ce, “Danginshi ne.”

Ta ce, “Ku kwance. In riƙo ya zama dole mu za mu riƙe shi, mu kuma mun san lokacin saki.”

Aka wanke masa ciwon hannun, aka yi masa allura, ya kwanta. Isufu, sai ga mutumin da ya daɗe bai runtsa ba ya yi barci har yana minshari. Ni ma na shimfiɗa tabarma a gefen gadon na yi barcin da na manta akwai irinsa. Babu rijiya a buɗe a wurin, babu lauje a rataye, babu tafki, babu yaran da za su yi masa waƙa. A gadon kusa da shi akwai wani malamin makaranta, can kuma wani ɗan kasuwa mai motoci. Da babanku ya fara dawowa cikin hankalinsa ya dube su ya ce mini, “Ashe ba ni kaɗai ba ne.” Wannan magana ta fi mini komai daɗi, don a gida yana ganin kansa kamar wanda Allah ya ware da bala'i.

Wata safiya na ga wuyansa ya murɗe gefe, harshensa ya yi nauyi, miyau na zuba. Na ce shi ke nan, abin da aka faɗa mini ya tabbata, sun kashe mini miji. Na fara naɗe tabarma zan gudu da shi. Majo ta zo ta duba, ta kira likita, ya ce maganin ne ya yi masa ƙarfi. Aka ba shi wani, aka rage na farkon, kafin la'asar wuya ya saki yana shan fura. Ka yi tunani da a gida wannan ya same shi. Da an ce aljanar ce ta shaƙe shi, a ƙara hayaƙi, a nemi wata akuyar. Ban ce maka likitoci ba sa kuskure ba, ni ban yarda da kowa ɗari bisa ɗari ba. Amma su idan suka ba da magani suna nan da safe su ga abin da ya yi, su gyara. Amfanin kwanciya ke nan, ido yana kan mutum dare da rana har a gano maganin da ya dace da jikinsa. Idan ka ga wani abu ya canza a jikin Sanusi, ko rawar hannu ko sandarewa, ka ruga ka gaya musu, kada ka naɗe tabarma kamar ni.

Tun da na zo kan ido, naka ma ya zama a buɗe. A bakin ƙofar asibiti akwai masu zaman jiran baƙauye. Za su gaishe ka da fara'a, su ce sun san lokotoro, wato likita, su ce akwai inda ake samun maganin nan da araha. Kada ka ba kowa takardar magani, ka tafi da ƙafarka inda ma'aikata suka nuna maka. Idan an kawo wa Sanusi ƙwaya, ka tsaya har ya haɗiye, ka ba shi ruwa, ka ja shi da hira. Babanku ya taɓa ɓoye tasa a ƙarƙashin harshe ya tofar a bayan gado, sai da majo ta nuna mini. Masu zuwa dubiya kuma ka dubi hannuwansu kafin ka dubi fuskarsu. Za a zo da gora, za a zo da ƙulli, za a ce daga garin Gabi aka karɓo wurin wani babban malami. Addu'a ka karɓa da hannu biyu, kai ma ka yi ta yi masa, Allah ne mai warkarwa. Amma duk abin da za a sha ko a shaƙa, ka kai wa ma'aikata su gani tukuna. Wanda kuwa ya raɗa maka cewa a dakatar da na likita don nasa ya kama, ka raka shi ƙofa da ladabi.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka karanta sau biyu.

Babanku ya samu sauƙi. Ya yi ƙiba, ya koma sallarsa, yana neman a aske masa kai. Daidai nan damina ta matso. Sai ga Baba Garba, ƙanen babanku, ya zo dubiya tare da wasu dattawan unguwa. Ka san mu, da gaisuwa muke auna hankalin mutum. Wanda ya gaishe ka ya tambayi gida da yara da gajiya, ya jira ka amsa, ya bi da sannu, to a wurinmu lafiyarsa ƙalau. Babanku kuwa ya tashi zaune ya miƙa wa kowa hannu. Ya kira kowane dattijo da sunansa. Ya tambayi wannan ciwon ƙafar matarsa, ya tambayi wancan jakarsa da ta haihu, ya yi wa wani gaisuwar rasuwar da aka yi tun kafin ya kwanta. Babu inda ya yi tuntuɓe. Dattawa suka dubi juna suna murmushi.

Baba Garba ya ja ni gefe ya ce, “Zulai, mi kike jira? Kin ji gaisuwa dai da kunnenki. Mahaukaci na tambayar jakar wani?”

Na ce, “Lokotoro bai ce mu tahi ba.”

Ya ce, “Lokotoro gona gare shi? Ga hadari ya taso gabas. In anka yi ruwa kowa ya yi shuka, ku mi za ku ba ɗiyanku su ci? Mutanen ga in ka biye musu nan za ka shekara.”

Babanku ma ya kama hannuna ya ce, “Ki kai ni gida, Zulai. Ina jin ƙamshin ƙasa.”

Muka je wurin likita. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, “Malama, gaisuwa ita ce ke fara dawowa, kuma ita ce ta ƙarshen tafiya. Abin da ke ciki bai gama kwanciya ba. Ki ba ni ɗan lokaci in daidaita maganin, in koya mishi da ke alamun da za ku lura da su, sannan in sallame shi da ranar dawowa.” Ni kuwa a raina na ce wannan so yake ya riƙe mu. Na zargi wanda bai ci akuyata ba, na yarda da waɗanda suka zo da murmushi. Na dangwala yatsa cewa da kaina na fitar da shi, majo ta kawar da kai.

Aka yi ruwa, muka yi shuka, kowa na cewa ai ga shi nan garau. Maganin da aka ba mu yana sa shi barci da safe, ga noman fari ya zo, sai ya ce zai riƙa sha bayan an gama. Na ce to, tunda yana gaida mutane. Da ya ƙare ban koma karɓo wani ba, don babu wanda ya zaunar da ni ya nuna mini cewa irin wannan magani ba a yanke shi, ban kuma tsaya an nuna mini ba. Gero ya kai gwiwa lokacin da ya sake daina barci. Wata safiya ya saɓa hauyarsa ya fita. A bakin hanya ya haɗu da masu zuwa kasuwa, suka ce ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gidajensu, shi ya sa babu wanda ya tare shi. Ya nufi kudu wajen iyakar ƙasa. An nema har an gaji. Har yau ban san ko takaba ya kamata in yi ba ko jira, kuma wannan rashin sanin ya fi mini mutuwa ciwo.

To ga shi shamuwa ta sauka a kan bishiyar ƙofar gidanmu tun makon jiya, damina ta zo ke nan. Ina gaya maka tun yanzu, Baba Garba zai zo. Zai zo da fura da goro da dattijo ɗaya ko biyu, kuma ba zai zo ba sai ya ji labarin Sanusi ya fara samun sauƙi. Jiya ina kallonsa yana zaune a zaure, bakinsa na cewa Allah ya ba da lafiya, idonsa na kan sama wajen gabas. Gonar babanku da tasa a haɗe ake noma su, kuma Sanusi ne ƙarfin gonar tun da kai ka fara tafiya cin rani. Na kuma ji yana cewa idan yaro ya daɗe a wancan ɓangaren babu mai ba shi 'ya. Ban ce mugu ba ne. Shi ya yi ta yawon neman babanku har takalminsa ya tsinke, shi ya ɗauki Sanusi a kafaɗa daga bakin tafki. Yana son ku. Abin da ya sa ya fi haɗari ke nan, don da maƙiyi ne da ka gane shi tun daga nesa. Har gobe bai yarda fitarwar nan ce ta jawo ba, cewa yake kwana ne ya ƙare.

Idan ya zo ka durƙusa ka gaishe shi, ka karɓi furar, ka ba shi wurin zama. Kada ka yi musu da shi, ba za ka iya ba, zai juya ka kamar waina. Duk abin da ya faɗa ka ce, “Baba, lokotoro bai sallame shi ba.” Idan ya ce kai yaro ne, ka ce haka ne, amma lokotoro bai sallame shi ba. Idan ya ce ya yi magana da ni na yarda, kada ka karɓa. Ka kuma gaya wa ma'aikata tun ranar farko cewa kai ne mai jinya, kada a miƙa wa kowa Sanusi idan ka fita sayen abinci. Maganar gona ka cire ta daga ranka. Mijin yayarka zai zo daga Safo da amalankensa da yaransa, abin da muka iya shukawa mu shuka. Idan ma gonar ta kwana bana, ta kwana. Na taɓa sayar da mutum don damina ɗaya, geron da muka girbe a shekarar bai kai mu ko bazara ba.

Sanusi da kansa zai roƙe ka, kuma nasa ya fi na Baba Garba wuyar ƙi. Zai kira ka yaya, zai tuna maka yadda kuke kamun kifi kuna yara, zai ce ya warke, zai ce kunya yake ji. Watakila ya zage ka, ya ce ka haɗa baki da su. Ka haɗiye. Ka zauna kusa da shi, ka ci abinci kwano ɗaya da shi, ka bar shi ya yi ta hira da likita ko da kai an ce ka fita waje. Duk abin da za su koya muku game da maganin da alamun dawowar ciwon, ka buɗe kunne, ka tambaya har sai ka gane, ko za su ce baƙauye ya dame su. Ranar da likita ya sallame shi da bakinsa, ya faɗi ranar komawa, ranar zan yi guɗa a ƙofar gida kowa ya ji.

Saura mutum ɗaya da ban gaya maka ka yi hattara da shi ba, kuma shi na fi zargi duk cikinsu. Ni ce.

Yau da ƙarfina nake rubutu, don rigar Sanusi tana nan a kan igiya ba ta gama bushewa ba, ina ganinta. Amma na san kaina. Za a yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, in leƙa ɗakinsa in ga tabarma a naɗe. Baba Garba zai zauna a zaure ya yi ta yi mini magana a hankali, mata su shigo su ce wace irin uwa ce ke barin ɗanta cikin mahaukata. Sanusi zai karɓi salularka ya ce, “Inna, ina kwana, ya ƙafarki?” Isufu, ban san ko zan iya ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, amma ni uwa ce, ina iya komawa in sa hannu a ramin da ya sare ni.

Saboda haka idan ka ga na sauko daga mota na shigo asibitin nan da ƙullin kayana, ka lura da ni. Zan gaishe ka da kyau. Zan tambayi gajiyarka da kwanan zaune, in gaida majo, in gaida na gadon kusa, in yi magana a natse kamar mai cikakken tunani, sannan in ce ka haɗa kayan ƙanenka mu tafi gida. Kada gaisuwata ta ruɗe ka. Ka ba ni ruwa in sha, ka bar ni in ga ɗana in yi kukana, sannan ka faɗa mini abin da za ka faɗa wa Baba Garba, ka raka ni tasha. Ko na ce ban yafe ba, na yafe tun yau, kuma Allah shaida ne wannan ce maganata ta gaskiya.

Allah ya ba Sanusi lafiya mai ɗorewa, ya ba masu duba shi basira da haƙuri. Allah ya tsare ka daga mugun ji da mugun gani, ya ƙarfafa maka zuciya, ya yi maka albarka. Inda babanku yake, a raye ko a ƙasa, Allah ya kai masa rahama. Kifin na Sanusi ne, kada ka rabar wa mutanen ɗaki tun ranar farko, na san ka.

Mahaifiyarka,
Zulai, daga Madarumfa.